Gadar Maƙabartarmu

Assalamu alaikum, mai gabatarwa. Ina gaisuwa da fatan alheri, kai da iyali da abokan aiki. Ni ne Umaru, manomi a wani ƙauye kusa da Dakko.

Da anka haƙa babbar hanyar ruwan dam, sai ta raba mu da maƙabartarmu. In an yi rasuwa, sai mun yi dogon zagaye da gawa cikin rana. Zamanin soja mun roƙi gada, anka ce mu kama bakinmu.

Bana wakilin da munka zaɓa ya zo jana'izar limaminmu, don yana son mu sake zaɓensa. Ya kama makara, mu kuwa ba wanda ya karɓe shi. Kafin mu isa, rigarsa ta jiƙe sharkaf da gumi. Baba Sani, dattijon garinmu, ya ce masa, "Ranka ya daɗe, ka ga nisan nan? In ba gada, ƙuri'armu ta fi haka nisa da kai."

Alhamdu lillahi, kafin zaɓe an yi gada. Jiya ta kanta na bi na ziyarci kabarin mahaifina.

Ina gaida Malam Isa na Janbako. Malam, tunda hanyarku ta lalace, ku gayyato naku wakilin da damina, kuma ya zo da motarsa.