Kyari, Mai Kawo Hoto Teburin Likita

Assalamu alaikum. Mai girma Mai Unguwa, Malam Liman, shugaban asibitinmu Dakta Dabo, Baba Modu mahaifin marigayi, Hajiya Bintu matar marigayi da 'ya'yanta Ruwaida da Abdulhafiz, jama'ar Fagge da 'yan uwana na Sabon Gari, sannunmu da haƙuri.

Sunana Samuel. Ni ke ɗaukar hoton cikin jikin marasa lafiya a asibitin da Malam Kyari ke kula da kwamfutoci. Abokan aiki suka ce ni zan yi magana, wai don na fi kowa faɗa da shi. Ban musa ba.

Ga abin da muke faɗan a kansa. Duk hoton da na ɗauka, babbar kwamfutar da ke ɗakin ƙasa ce ke ajiye shi, kuma likita ba zai gani ba sai ya iso ƙaramar da ke kan teburinsa. Hotunan nan nauyi gare su. A da, ɗaya kan cinye rabin yini yana tafe, in aka ɗauke wuta kuma a koma farko. Likita ya tashi aiki, a ce wa wanda ya taho daga nesa ya dawo wani makon. Wasu sun dawo ciwon ya ci ƙarfinsu. Wasu ba mu sake ganinsu ba.

Ranar da na kai masa ƙara ina ta kumfar baki, sai ya ce, "Oga Samuel, zauna mana. Mu a gidanmu atamfa ake sayarwa. Ka taɓa ganin an cusa dila guda a A Daidaita Sahu? Kwance ta ake yi, a rarraba wa kekuna."

Haka kuwa ya yi. Ya sa babbar kwamfutar ta riƙa matse hoto, ta yanka shi gunduwa-gunduwa, ta turo su lokaci guda ta hanyoyi da yawa, ƙaramar ta harhaɗa. In wuta ta ɗauke, daga inda aka tsaya ake ci gaba. Tsohuwar wayar da ke tsakani ma ya fizge ta, ya ja sabuwa da hannunsa. Tun daga nan, kafin mara lafiya ya gama ɗaura zani, hotonsa na gaban likita.

Ya kasance mai ƙin ganin mutum zaune a benci yana jira. Ya kasance in ya ga layi ya yi tsawo, sai ya leƙo ya ce, "Laifina ne ko naka?" Ya kasance mai gaggawa a kan hoton kowa, ban da nasa.

Hajiya Bintu, ke shaida ce. Tun bara yake dafe ciki. Kin yi magana, mun yi magana, kullum amsarsa, "Bari a rage layi." Da ya yarda ya kwanta a gabana, na ɗauka, muka taka tare zuwa ofishin Dakta Dabo. Kafin ya ja kujera, hoton ya riga mu isa. Dakta ya duba, ya ga ciwon ya riga ya yi nisa. Kyari ya kalli fuskarsa, ya kalle ni, ya ce, "To, aiki dai ya yi kyau."

Baba, ka yi haƙuri, ɗanka ya yi wa mutane amfani. Ruwaida, Abdulhafiz, akwai masu yawo a garin nan da ƙafarsu saboda an ga ciwonsu da wuri, kuma aikin babanku ne. Mun yi rashi, kuma muna jin zafinsa. Kwana idan ya ƙare ya ƙare, mun sani. Amma duk wanda ke zaune a nan yana dafe wani wuri yana cewa sai an kwana biyu, don Allah gobe ya zo, ina bakin aiki.

Mun gode da kuka taru. Allah Ya jiƙan Malam Kyari, Ya gafarta masa, Ya haskaka kabarinsa, Ya raya abin da ya bari. Mu kuma Allah Ya sa mu cika da kyau. Amin.