Kada Malam Kuɓewa Ya Riga Ni

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta.

Mai girma shugaban wannan taro, iyayenmu masu riƙe da ƙasa, malamanmu na addini da na boko, wakilan gidan talabijin, baƙinmu da suka taso daga Shinkafi da Zurmi, 'yan kasuwa da direbobi, 'yan kabu-kabu da suka jingine baburansu a bakin ƙofa, iyaye mata da ke zaune can baya, jama'ar Ƙaura Namoda baki ɗaya, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ina godiya ga kwamitin da ya shirya wannan taro na karrama 'yan wasan Lungun Ɗanbaba, shirin barkwancin da ke hana mutanen garin nan cin tuwon dare a kan lokaci duk ranar Asabar. An ce mini an zaɓe ni in miƙa babbar riga ga tauraron shirin, Isah, saboda ni ne tsohon hedimastansa. Na gode da wannan bayani, amma na san ba shi ne dalili ba. An kira ni ne don a ga mu biyu a tsaye wuri ɗaya a yi dariya, kuma na ji wasu sun fara tun kafin in ƙaraso gaban lasifika. Ku ƙarasa dariyarku, ina jira. Na saba jiran aji ya yi shiru.

Sunana Abdulrashid. Na faɗa ne saboda baƙi, da kuma 'yan gari da suka manta.

Magana ta farko ita ce asalin wannan mutum da kuke kira Malam Kuɓewa, tsohon malamin nan mai tsamurarriyar kwat da ke yawo a cikin shirin yana gyara wa mutane Hausa. Baƙi ba su sani ba, to bari in faɗa da bakina. Lokacin da na dawo daga kwalejin horon malamai, ina saurayi, na dawo da Hausar littafi, wadda ake rubuta jarrabawa da ita. Ban daɗe da aure ba sufeton makarantu ya zo daga Kano, na gayyace shi gida. Na ce wa maiɗakina Fatimatu, mutuniyar Gurbin Bore, ta yi mana miyar kuɓewa. Ku mutanen nan kun san abin da littafi ke kira kuɓewa, guro kuke ce masa, kubewa kuma a bakinku ita ce kabewa. Aka kawo akushi, na buɗe a gaban baƙo, sai ga kabewa jawur. Na shiga ciki ina faɗa, ta dube ni ta ce, "Malam, ai kubewa kac ce. In guro kaka so, mi ah hana ka cewa guro?"

Wannan abu a cikin gidana ya faru, tsakanina da matata. Shekaru suka shuɗe, gashi ya yi fari. Sai Mubaraka, mai rubuta wannan shiri, wadda 'yar ƙanwar Fatimatu ce, ta zo gaisuwa, ta zauna a kan tabarmata, ta sha furata, ta tashi da labarina. Da shi aka buɗe shirin. Ni kuwa ban ji ba sai a tasha, daga bakin wani kwandasta.

Ina nan a kan bakana har gobe: kuɓewa ce. Yaran da na tilasta wa rubuta ta daidai sun ci jarrabawa, wasunsu ga su nan a kujerun gaba da manyan riguna. Ba wanda ya taɓa yi mini taro a kan haka.

Magana ta biyu, Isah, mai fitowa a matsayin Malam Kuɓewa. Ga shi nan yana sunkuyar da kai kamar mai kunya. Na san wannan sunkuyon, da shi yake ɓoye dariya tun yana aji huɗu. Wannan yaro bai taɓa kawo mini jimla guda ba tare da kuskure ba. Abu ɗaya ya koya a hannuna, shi ne ni. Ya koyi tafiyata, ya koyi yadda nake gyara murya kafin in yi magana, ya koyi yadda nake ɗaga yatsa in ce, "Ba haka ake faɗa ba." Na kama shi yana yi a bayan aji, na hore shi. Yau ga shi abin da na hore shi a kai ake ba shi riga dominsa, kuma ni aka ce in miƙa.

Jama'a, ku yi mini hukunci. Murya tawa ce, tafiya tawa ce, kalma tawa ce. In na ce wa mai shayi, "Ba haka ake faɗa ba," sai ya ɗaure fuska ya juya ga tukunyarsa. In Isah ya faɗi wannan kalmar, a wannan teburin, sai a ƙara masa madara. In na shiga Kasuwar Daji, masu guro sukan yi ta kira, "Malam Kuɓewa, ga kayanka!" sai na waiga su ga ni ne, su ce, "Ashe na gida ne, mun ɗauka na talabijin ne." Sai su koma cinikinsu. Ni ne na gida. Ni ne wanda ake samu in an rasa na gaske.

Ko a cikin gidana ban tsira ba. Ranar Asabar jikokina da maƙwabta sukan cika tsakar gida, a kunna janareto, a jera tabarmi. Ina daga zaure ina jin Fatimatu tana dariya har da tari. Na zauna da wannan baiwar Allah tun tana yarinya, ban taɓa jin wannan dariyar ba. Rannan na tambaye ta, "Me yake faɗa da ban faɗa ba?" Ta ce, "Babu, Malam. Shi dai in ya ƙare faɗan, kashe shi mukai mu kwanta."

Ba na musun cewa shirin yana da amfani. A wannan zamani da manomi ke fita gona da fargaba, matafiyi ke bin hanyar Zurmi da addu'a a baki, duk wanda ya tara mutane suka yi dariya ya yi aiki. Na yarda. Abin da nake tambaya shi ne, da kayan wa aka yi aikin?

Bara na kwanta asibiti a Gusau. Waɗanda suka zo duba ni, benci guda ya ishe su, har da saura. Bana Malam Kuɓewa ya yi zazzaɓin ƙarya a cikin akwatin talabijin, an shafa masa mai a goshi don ya yi kamar zufa. Na ji da kunnena wata tsohuwa daga Katuru tana cewa ta kwana tana yi masa addu'a. Wani direba ya tsayar da mota don ya tambaye ni, "Malam, ya jikin mutumin naku?"

Wannan ya kawo ni ga magana ta ƙarshe, wadda ita ce ta fito da ni daga gida yau, ba riga ba. Labari ya iso mini, kuma Mubaraka ba ta musa ba da na tambaye ta, cewa a ƙarshen wannan zango na shirin za a kashe Malam Kuɓewa. An ce har an fara neman mutanen da za su cika lungu a ranar ɗaukar hoton jana'izar, kuma masu son zuwa sun yi yawa har ana mayar da wasu.

Mubaraka, 'yata, dube ni. Isah, ɗago kanka.

Kun ɗauki labarin gidana, na yi shiru. Kun ɗauki muryata, na yi shiru. Kun ɗauki gaisuwar da ake yi mini a hanya, kun ɗauki dariyar matata, na yi shiru. To abu guda ya rage mini a garin nan wanda ba ku taɓa ba tukuna, shi ne ranar da za a ɗauke ni. Na san mutanen Ƙaura, ba su kuka sau biyu a kan mutum ɗaya. In kuka binne shi bana, Shinkafi za ta yi kuka, Zurmi za ta yi kuka, mata za su yi ta shigowa suna yi wa Fatimatu gaisuwa ina zaune a zaure da raina. Ranar da tawa ta zo kuwa, mai shela zai bi gari yana cewa Malam Abdulrashid ya rasu, mutane su ce, "Wane ne haka?" A ce musu, "Malam Kuɓewa." Su ce, "Ai wannan ya daɗe da mutuwa, mun gani."

Don haka a gaban iyayen ƙasa nake roƙo, kuma ban saba roƙo ba. Ku bar shi da rai. Ku sa shi ya yi ta faɗa, ku sa akuya ta cinye masa kwat, ku yi masa duk wulaƙancin da kuka saba. Ba sonsa nake yi ba, Allah ya sani. Amma ni na riga shi zuwa duniya, ku bari in riga shi fita. Ba za ku daɗe kuna jira ba. Bayan nan ku yi masa jana'izar da kuke so, ba zan ji ba.

Isah, matso ka karɓi rigarka. Ta yi maka yawa a kafaɗa, amma za ka cika ta, ana ciyar da kai.

Allah ya ba ƙasarmu lafiya, ya tsare hanyoyinmu, ya sa manomi ya je gona ya dawo. Allah ya mayar da baƙinmu gidajensu cikin aminci. Allah ya ja kwanan iyayenmu, ya shirya mana zuriya. Allah ya ja kwanan Malam Kuɓewa fiye da nawa. Wannan ta ƙarshe ban ji aminku da kyau ba, amma Wanda na roƙa ya ji.

Na gode.