Kuskure Ɗaya, Masu Shi Biyu

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban taro, Malam Abdulfattah. Uwar taro, Hajiya Ummussalma. Malamai da iyaye da suka taso daga Malam Madori, da Auyo, da cikin garin Haɗeja. Da ku 'ya'yanmu da ake yayewa yau, ina gaishe ku gaisuwar girma. Na gode da aka ba ni wannan dama, ko da yake an san ni da wuyar yarda da mutum. Ban musa ba. Shekara goma sha ɗaya na yi a kwamitin ɗaukar ma'aikata na wani kamfanin casar shinkafa, kuma ba abin da kujerar nan ta koya mini kamar zargi.

Idan kun je neman aiki, za a tambaye ku kuskuren da kuka taɓa yi a bakin aiki. Wanda ya ce bai taɓa kuskure ba, ko dai bai taɓa aiki ba, ko kuwa akwai abin da yake ɓoyewa. Wanda ya ɗora laifin a kan maigidansa, mun san gobe mu zai ɗora wa. Amma na uku ya fi ba ni tsoro, kuma a kansa zan daɗe.

Wata shekara muna neman malamin gona ɗaya da zai riƙa zagaya manomanmu na fadama. Wani matashi mai suna Abdulganiyyu ya shigo, tsaf da shi, bakinsa kamar zuma. Ya ce ya taɓa yi wa wani manomi a Auyo feshi da injin da bai wanke ba, ashe da sauran maganin ciyawa a ciki, irin shinkafar da ake reno don dashe ya ƙone ƙurmus. Ya ce ya amsa laifinsa, ya koyi darasi. Abokan zamana suna ta gyaɗa kai. Ni kuwa labarin ya yi mini santsi da yawa.

Bayansa sai ga wani, Gana, yana gumi, yana in'ina. Jama'a, labarin nan dai ya kawo mana, da injin, da Auyo, da irin da ya ƙone! Wani ɗan kwamiti ya raɗa mini cewa na biyun ne ɓarawon zance, a sallame shi. Na ce a'a, ni dukkansu nake zargi.

Na sa aka dawo da su ɗaya bayan ɗaya, na tambayi kowanne abin da manomin ya faɗa da ya ga gonarsa. Abdulganiyyu ya ce dattijon ya yafe masa nan take, har ya sa masa albarka. Gana ya sunkuyar da kai, ya ce: "Baba, bai ce komai ba. Hularsa ya cire, ya zauna a bakin fangalin da ake renon irin. Har yau bai amsa gaisuwata ba."

Duk da haka ban yarda ba. Washegari na hau babur, na shiga kwalekwale, na nemo manomin, Malam Ɗan'auta. Ya ce bai san wani Abdulganiyyu ba. Gana kuwa, ya ce, kwana tara yana zuwa da asuba yana taya shi sabon reno, amma lokacin dashe ya riga ya ƙwace, kakar ba ta yi kyau ba. "Ban huce ba," in ji shi, "amma yaron bai gudu ba."

Ashe a benci, suna jiran kira, Gana ya ba Abdulganiyyu labarin don neman shawara, shi kuma ya riga shi shiga da shi. Gana muka ɗauka.

Don haka, 'ya'yana, ku faɗi kuskurenku, naku na kanku, da abin da kuka yi bayansa, ko da bai yi daɗin ji ba. Kayan aro ba ya rufe katara, ramin ƙarya kuma ƙurarre ne. A kowane kwamiti akwai tsoho irina, wanda ba ya jin ƙyuyar hawa babur.

Allah Ya ba ku aikin halal, Ya tsare harsunanku, Ya raba ku da abokin da zai ci da guminku. Allah Ya albarkaci kogin nan da masu noma a bakinsa, Ya mai da kowa gida lafiya.

Na gode.