Rabin Jakin Badarawa

A tashar Kaura Namoda, shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, wani dattijo ya tambayi matashin da ke kusa da shi a benci abin da zai kai shi Zurmi.

"Rabin jakina za ni dubowa, Baba."

"Jaki na da rabi?"

"A karta na ci shi. Wani direba yak kawo muna salonta daga Ikko. Ana shimfiɗa kati biyar a tsakiya, na kowa da kowa, ka haɗa da na hannunka. Mai babban hannu shi ɗauki rabin abin da anka zuba, mai ƙaramin hannu shi ɗauki rabi."

"Caca a wanga zamani? Ba ka tsoron bulala?"

"Shi ya sa ba mu zuba kuɗi ba. Kuma wasan da na ƙarshe ka samun rabo, ai ya fi kusa da sadaka."

"Kai wane ne ciki?"

"Na ƙarshen. Gaba anka ba ni, ni ka ciyarwa. Mai baya shi ka kwasar taki."

"Wa yaz zuba jakin?"

"Wani Namadi, ɗan Badarawa. Ya ce na tsohonai ne, ba shi lura."

Dattijon ya matso kusa da shi.

"Shi Namadin mi yas samu?"

"Ko igiya. Hannunai tsaka-tsaki ne, bai yi babba ba, bai yi ƙarami ba."

"Haka yake tun shina goye," in ji dattijon. "Tare za mu sauka, yaro. Tun kasuwar Shinkafi nike yawon neman jakin nan."