Abin da Na Soya wa Autata Ba Ƙwan Kifi Ba Ne

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Daga wani ƙauyen Bagudo, kusa da iyakar Benin, nake rubutowa. A yi haƙuri da rubutuna, da girmana na koya.

Ni ɗiyar manoma ce, aure ya kawo ni gidan masunta. Ranar Laraba maigidana ya kamo karfasa biyu. Ina gyara ɗaya na ga wasu fararen ƙwayoyi kamar gero a ƙarƙashin fatarta. A gidanmu ƙwan kifi rabon auta ne, sai na soya wa autata Nana, mai shekara uku. Ta cinye tas.

Da surukina ya duba ta biyun, sai ya ce, "Uwar Nana, yaushe kifi ya fara ƙwai a ƙarƙashin fata?"

Malamin kiwon kifi ya ce wata irin fumfuna ce mai cin jikin kifi, ba kasafai ake ganinta ba, kuma bai san illarta ga mutum ba.

Nana tana wasanta lafiya, ni ce na kasa cin abinci. Don Allah likitocin da ke sauraro, wuta tana kashe wannan abu? Wace alama zan duba a jikin ɗiyata?