Cocin da Rufus Ya Rubuta a Fom

Veronica: Halo? Maman Kevin? Veronica ce daga Doha.

Jael: A'a, Sista Vero! Ina wuni? Ya aiki?

Veronica: Da godiya. Ya yara? Ya mutanen Kafanchan?

Jael: Lafiya lau, sai zaman kullen korona. Ya jikin maigidana? Kwana uku Rufus bai ɗauki wayata ba.

Veronica: Ina zuwa. A fom ɗin asibitinmu, wurin sunan coci, ya rubuta Frikirke. Ofis sun duba jerin cocin da ke da rajista, babu shi. Kin san shi?

Jael: Me? Layin yana yankewa.

Veronica: Frikirke!

Jael: Oho, ai taron addu'arsu ne na ranar Juma'a, a falon wani tsohon injiniya ɗan Norway a unguwar Old Airport. Tsohon ne ya sa sunan. Rufus ya ce a yarensu "fri" 'yanci ne, "kirke" kuma coci, wai tushenta Girkanci, gidan Ubangiji. Cocin da ba ya ƙarƙashin gwamnati. Har na tsokane shi na ce cocin falo dai.

Veronica: Suna da fasto?

Jael: Ina fa! Su bakwai ne, wanda ke nan shi ke buɗe Littafi. Tsohon ma ya koma ƙasarsu. To me ya hana ki tambayi Rufus ɗin?

Veronica: Maman Kevin, akwai wani kusa da ke?

Jael: Sista, me za ku yi da fasto?

Veronica: Ki zauna tukuna.

Jael: Ba zan zauna ba. Faɗa mini.

Veronica: Da safen nan, ƙarfe bakwai. Ina riƙe da hannunsa. Ki yi haƙuri, wallahi bakina ne ya kasa.

Jael: Yesu na. Kika bar ni ina ta surutu ina dariya?

Veronica: Ki yafe mini. Babu jirgin da zai kawo shi gida, gobe za a binne shi a nan. Na kira fasto biyu, ɗaya yana killace, ɗayan bai ɗauka ba.

Jael: Haka za a sa shi a rami, ba addu'a?

Veronica: Mutum ɗaya aka yarda ya bi motar gawar.

Jael: To ke ki bi. Ki karanta masa Zabura, da Hausa.

Veronica: Ni nas ce, ban taɓa...

Jael: Ke ce kike nan. Ki kira ni a bakin kabarin, ki buɗe fuskarsa in gani.

Veronica: An riga an rufe jakar da aka sa shi, saboda korona. Ba a buɗewa.

Jael: Ko kaɗan? Ko goshinsa kawai, Sista, ko...

Veronica: Halo? Maman Kevin?