Zakaran Murnar Barista Garbai

A tashar Jambutu muna jiran mota ta cika, sai wata matashiya ta dubi dattijon da ke kusa da ni, rungume da zakara.

"Bappa, na sayarwa ne?"

"Na murna ne. Lauyana, Barista Garbai, ya bar banki ya dawo aikin lauya."

"Shari'a kake yi?"

"Ta gonata a Namtari. Na saye ta lokacin da Boko Haram suka koro mu daga Mubi, wani ya ce ta kakansa ce. Barista ya tsaya mini. Ana gab da hukunci gwamna ya ba shi shugabancin wani kwamitin filaye. Na kai masa rago."

"Ai ka huta!"

"Ƙwace ta ya yi, wai za a gina kasuwa. Yana hawaye ya sa hannu, wallahi."

"Ina kasuwar?"

"Ɗan kwangilar ya jinginar da filin a banki, ya gudu, bankin ya karɓe filin. Lokacin Barista ya zama darakta a bankin. Na kai masa akuya."

"Bappa! Sau biyu fa ya karɓe gonar nan."

"Ai yanzu zai kai gwamnatin da bankin ƙara."

"Ƙarar kansa ke nan! Ka nemi wani lauyan mana."

"'Yata, sabon lauya sai na yi masa bayani tun daga farko. Wannan kuwa a gabansa aka yi komai." Ya shafa bayan zakaran. "Addu'ata dai kar a naɗa shi alƙali. Dabbobina sun ƙare."